Na ƙara wa tsohuwar BMW 328i ƙarfin birki: inda kuɗina ya yi aiki

Motar BMW 328i ce mai ƙofa biyu, ƙirar E36, ta shekarar 1997. Injinta mai silinda shida ne, lita 2.8, ƙarfin doki 193, nauyinta kuma ya kusa kilo 1,400. Injin har gobe lafiyarsa ƙalau. Birkin ne ya gaji. A cikin gari ba ya nuna komai, amma da zarar na kama hanyar Jos zuwa Akwanga na shiga gangaren Hawan Kibo, kafin in kai ƙasa feda ta yi laushi kamar ana taka katifa, ga ƙaurin ƙuna yana shigowa ta taga. Duk wanda ya san wannan gangaren da tirelolin da ke binsa ya san ba wurin da za a yi wasa da birki ba ne.

Aikin kashi biyu na yi shi, da tazarar watanni a tsakani, kuma na ji daɗin hakan domin ya ba ni damar sanin abin da kowane sauyi ya kawo.

Kashin farko shi ne mai arha: man birki, tiyo, da fad, wato takalmin birki da ke goga faifai, ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya. Man da muka zuƙe daga motar ya yi baƙi ƙirin. Mutane da yawa ba su san cewa man birki yana shan danshin iska ba, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa yana sauka zuwa wajen 155. Idan ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse shi a kan faifai, sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa kake taka feda tana nutsewa motar ba ta tsayawa. Wannan ne dalilin da ya sa BMW ta ce a riƙa sauya shi duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye. A nan kuwa sai a ga mota ta shekara goma ana ƙara mata mai a kan tsohon, ba a taɓa zubar da shi ba. Na zuba ATE Typ 200, wanda sabonsa yake kaiwa digiri 280, ko ya sha ruwa yana riƙe 198. Gwangwani guda na lita ɗaya ya ishi motar duka, har da cire iska a ƙafafu huɗu. Abin lura a nan: DOT 5 daban ne da DOT 5.1. Na farkon na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran, kuma ba na irin wannan motar ba ne.

Tiyon roba da ke kai mai zuwa ƙafafun, na asali ne tun daga kamfani, duk sun tsattsage ta waje. Roba idan ta tsufa tana kumbura lokacin da aka taka birki, sai wani ɓangare na ƙarfin ƙafarka ya tafi wajen hura tiyo maimakon matse faifai. Na sa masu saƙar ƙarfe a jiki. Sai fad, na ɗauki irin wanda aka yi don gudun titi, mai jure zafi fiye da na yau da kullum.

Wallahi ranar da na fito daga gareji na ɗauka wata motar aka ba ni. Feda ta tsaya a sama, ta yi tauri, kuma abin da ka taka shi kake samu. Da na sake bin gangaren, laushin nan bai dawo ba. Idan zan raba yabon aikin gaba ɗaya, kaso mafi tsoka na wannan kashin ne, alhali kuɗinsa bai kai rabin na biyun ba.

Fad ɗin yana da nasa halin. Da sanyin safiyar Jos, takun farko da na biyu ba ya kamawa sosai sai ya ɗan ɗumama. Yana yin ƙara siririya a cikin go-sulo, kuma yana baƙanta rim da ƙura cikin 'yan kwanaki. Ni na yarda da wannan cinikin. Mai kai yara makaranta da dawowa ba ya bukatarsa, fad na asali mai kyau ya ishe shi.

Kashi na biyu shi ne wanda masu irin wannan motar suka fi zumuɗi a kai: ɗauko birkin gaba na BMW 330i ƙirar E46, wadda ta biyo bayan E36, a ɗora wa E36. Faifan gaba na 328i faɗinsa milimita 286 ne, kaurinsa 22. Na 330i kuwa 325 ne da kauri 25. Daɗin abin shi ne kalifa da mariƙinta suna zama a kan ƙafar E36 kai tsaye, babu walda, babu huda. Birkin M3, wato E36 ɗin da aka ƙera don gudu, mai milimita 315 ba ya hawa haka, sai ka sauya ƙafar gaba ɗungurungum, shi ya sa na bar shi. Kalifofin na same su 'yan Beljiyam, muka warware su, muka wanke, muka sa sabbin robobi. Faifan kuwa sababbi na saya. Ban yarda da tsohon faifai ba, domin kowane faifai akwai iyakar siranta da aka buga a jikinsa, kuma yawancin na kasuwa sun kusa kaiwa can ko an riga an sassaƙe su a injin don su yi kyan gani.

Bakanikena, dattijo ne da ya daɗe a kan motocin Jamus, tun kafin mu fara ya ce min, "Yallaɓai, wannan ba zai rage maka tazarar tsayawa ba, zafi kawai zai ɗauke maka." Gaskiya ya faɗa. A taku ɗaya na gaggawa, tsohon birkin ma yana da ƙarfin da zai sa ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa, ya fara harbawa, kuma daga wannan lokacin taya ce take yanke hukunci, ba faifai ba. Amfanin babban faifai yana fitowa ne idan ana taka birki a jere babu hutu. Birki gudu yake mayarwa zafi, kuma idan ka ninka gudu sau biyu, zafin da zai sha ya ninka sau huɗu. Faifai mai faɗi da kauri yana da jikin da zai haɗiye wannan zafin ya kuma fitar da shi da wuri. A doguwar gangara da mota cike da mutane, na ji bambancin: takun ƙarshe daidai yake da na farko, ƙaurin nan kuma ya ɓace. A cikin gari kuwa, tsakani da Allah, ba za ka iya bambanta shi da kashin farko ba.

Kuma yana zuwa da kaya a bayansa. Fistan ɗin kalifar 330i milimita 57 ne, na asalin 54, don haka yana cin mai fiye da da, feda ta ɗan ƙara nisa kafin ta kama. Ba da yawa ba, amma wanda ya saba da taurin kashin farko zai lura. Babbar matsalar ita ce rim. Birkin ba ya shiga cikin rim mai inci 15 ko 16, dole sai 17. Ke nan ga kuɗin rim huɗu, ga tayoyi 225/45, waɗanda gefensu siriri ne, a kan titunan da rami ke jiran mutum a bayan kowace kwana. Na riga na kai rim ɗaya an miƙe min shi. Safayar da ke cikin but ma ba ta hawa gaba yanzu. Idan tayar gaba ta yi faci, sai na cire ta baya na kai gaba, sannan na sa safaya a baya. A bakin hanya da dare wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ke son tsaka-tsaki, akwai faifan E46 328i mai milimita 300, yana zama cikin rim 16, kuma da yau zan sake, shi zan fara dubawa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa kada ya tsallake: sabon fad da sabon faifai suna bukatar a sabar da su da juna. Ka sami hanya miƙaƙƙiya da babu mutane, ka kai wajen kilomita 100, ka taka da ƙarfi har ka sauko ƙasa sosai ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau da dama, sannan ka yi tafiya ba taka birki har su huce. Idan ka tsaya ka danne feda a kan faifai mai zafi, fad zai bar tabo a wuri guda, daga nan sitiyari ya fara karkarwa, a ce maka faifai ya lanƙwashe.

Tayoyin da na sa tare da sabbin rim, su ne suka rage tazarar tsayawa a zahiri. Tsofaffin da na cire, lambobi huɗu na jikinsu masu nuna mako da shekarar ƙira sun nuna sun haura shekara takwas, robar ta bushe duk da zanen bai cinye ba. Mai tsohuwar mota irin wannan da kuɗinsa ba su da yawa, ya fara da man birki da tiyo da fad da taya. Babban faifai ya bari sai in yana yawan bin gangara ko yana shiga filin tsere.