Gargaɗi ga masu gona da kurmi: hattara da masu sayen itacen da iska ta kayar

Jama'a, assalamu alaikum. Duk farkon damina, daga watan Afrilu zuwa Yuni, iskar da ke zuwa gaban ruwa takan kayar da manyan itatuwa a gonaki da kurmi, musamman a kudancin Kaduna, Neja, Nasarawa, Bauchi da Taraba. Kafin ganyen ya yi yaushi sai ka ga mutane biyu ko uku a kan babur, injin yanka itace ɗaure a baya, suna neman mai gonar. Akwai masu sana'ar na gaskiya a cikinsu, amma akwai kuma waɗanda itacen da ya faɗi hanya ce kawai ta shiga gonarka. A kan waɗannan ne muke jan kunnenku.

Maganarsu ta farko kusan ɗaya ce a ko'ina: "Baba, wannan ai ya riga ya mutu, nan da sati biyu gara ta gama da shi, gara ka karɓi abin da ya samu." Wannan ƙarya ce ga yawancin itatuwan da suke nema. Maɗaci, kirya, marke da maɗobiya itatuwa ne masu tauri, gungumensu na iya yin watanni a kwance zuciyarsa ba ta lalace ba, in dai an ɗaga shi daga ƙasa. Waɗanda ke saurin ɓaci su ne masu taushi irin rimi, gawo da mangwaro, don ƙwari kan huda su, danshi kuma ya sa katakon ya yi baƙi. Su kuwa 'yan damfarar ba rimi ne ya kawo su ba. Suna so ne ka sallama kafin ka tambayi farashin falanki a kasuwar katako.

Saboda haka ka fara da awo. Ka zagaya gungumen da tef a tsakiyarsa, ka ɗauki tsawon zagayensa da inci. Ka raba wannan lamba gida huɗu, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka sake ninkawa da tsawon gungumen a ƙafa, sannan ka raba da 144. Misali gungume mai zagaye inci 72 da tsawo ƙafa 12: kashi ɗaya cikin huɗu na 72 shi ne 18, 18 sau 18 ya ba da 324, sau 12 ya zama 3,888, a raba da 144 a samu 27. To falanki mai kauri inci 1, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 12 shi ne ɗaya a wannan ma'auni. Ba za ka samu 27 ba, domin injin hannu yana cin itace sosai, kusan rabi yana tafiya a dusa da ɓawo da gefe-gefe. Amma in gungumen lafiyayye ne, ba rami ba tsaguwa, sa ran falanki 12 zuwa 15 ba zalama ba ce. Ka tambayi kuɗin falanki ɗaya na irin wannan itacen, ka cire ladan mai inji, fetur, baƙin mai da kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne darajar itacenka, ban da rassan da za su zama itacen girki. Sau da yawa abin da suke tayawa bai kai kuɗin falanki biyu ba.

Rage farashi ma shi ne ƙaramin abin. Babbar cutar tana zuwa ne bayan an shirya. Za su ba ka ɗan kafin alƙalami, su ce ragowar sai an loda. Su fara aiki a gabanka, ka ga komai daidai, ka tafi sallar azahar ko kasuwa. Kafin ka dawo an kwantar da itatuwa uku ko huɗu da ke tsaye lafiya ƙalau. In ka yi magana su ce iska ta girgiza saiwarsu, da ma faɗuwa za su yi. Wasu kan rufe kututturen da ƙasa da ganye, ko su cinna masa wuta don kar a gane sabon sara ne. Ana iya ganewa: itacen da iska ta kayar yakan tumɓuko da saiwarsa da ƙasa a jikinta, ko ya karye da tsage-tsage. Wanda inji ya sare kuwa kututturensa shafaffe ne, da dusa a gindinsa. Ɗorawa ko kaɗanyar da aka sare ta haka, an raba gidan ne da kalwa da man kaɗe na shekaru masu yawa, kuɗin katako ba ya mayar da wannan.

Daga nan sai lodi. Mota takan zo ne da magariba ko bayan isha'i, a ce direba yana sauri. A nuna maka saƙon waya cewa an tura kuɗi, alhali alat ɗin na bogi ne. Kada ka yarda da hoton da ke wayar mai saye. Ka duba asusunka da kanka, ko ka je wurin mai POS ya tabbatar maka kuɗin sun shiga, kafin falanki ɗaya ya hau mota. Akwai kuma dabarar "mu raba katako": su yanka, su kwashe masu kyau da daddare, su bar maka na gefe masu ɓawo su ce rabonka ke nan.

Sai batun takarda, inda mutane da dama ke shiga uku ba su sani ba. Dokar gandun daji a Najeriya ta jiha ce, kowace jiha da tata, kuma a wurare da yawa ana bukatar izini kafin a yanka ko a ɗauki wasu itatuwa ko da a gonarka suke. 'Yan damfara kan nuna wata takarda mai hatimi su ce sun gama da malamin daji. In ma'aikata suka zo suka tarar da sabbin kututture, su sun yi nisa, kai mai gona kai za a riƙe. Ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarka da ƙafarka, ka tambaya ko takardar daga wurinsu take, kuma itace nawa ta ambata. A yi taka-tsantsan na musamman da maɗobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira Madrid. An kwashe ta ba kaɗan ba daga dazukan Taraba da Adamawa zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido daga 2017, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Wanda ya zo yana rawar jiki a kanta, ka bincike shi sosai.

In gonar gado ce da ba a raba ba, kada mutum ɗaya ya sayar. Suna sane suke neman matashin gidan da ke bukatar kuɗi. Haka kuma a wasu garuruwa ɗorawar da ke cikin gona ba ta mai gonar ba ce, kuma itacen kan iyaka sai da yardar maƙwabci.

In za ka sayar, ka shafa fenti a kan kowane itacen da ya faɗi, ka sa masa lamba, ka ɗauki hotonsa da na waɗanda ke tsaye kusa da shi. A rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu: irin itacen, adadinsa, kuɗinsa, ranar gama aiki, da cewa ba a taɓa na tsaye ba. A karɓi kuɗi cikakke kafin a tayar da inji. A rubuta lambar mota da ta babur. Wani daga gidan ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe, kuma ba lodi bayan faɗuwar rana. Mai sana'a na gaskiya ba ya ƙin waɗannan sharuɗɗan.

In ba ka shirya sayarwa ba, ka sare rassan, ka mirgina gungumen kan duwatsu ko guntayen itace ya bar ƙasa, ka ɓare ɓawon, ka shafe bakinsa biyu da tsohon fenti don kar ya tsage. A kuma hana yara wasa cikin ramin saiwa, domin da zarar an raba gungumen da gindinsa, tushen mai nauyi yakan koma ramin da ƙarfi ya danne duk wanda ke ciki. In itacen ya faɗo a kan wayar lantarki, kada kowa ya kusance shi sai ma'aikatan wuta sun zo sun kashe layin.