Zauren da tafi ya zama laifi

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa daga Jamus. Abokin aikina ne ya ja ni zauren kiɗa na garinmu, wai in ji simfoni na 7 na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan Bajamushe. Simfoni dogon kiɗa ne da taron makaɗa ke kaɗawa. Tsarin nasu ba laifi: tikitin shiga shi ne na jirgin cikin gari, zuwa da dawowa, ga masu karɓar rigar sanyi su ba ka lamba. An ce ƙarfe takwas, takwas ɗin aka rufe ƙofa.

Kiɗan kashi huɗu ne. Na biyun ya faro ƙasa-ƙasa da manyan gogen nan masu kaurin murya, yana ta kumbura har tsigar jikina ta tashi. Yana ƙarewa na saki tafi. Ni kaɗai! Wata tsohuwa ta juyo ta zabga mini harara, na gefena ya ɗora yatsa a leɓe, sai ka ce na yi dariya a gidan makoki. Wai doka ce, sai an gama duka huɗun. Amma tari, kowa ya ɓarke da shi a wannan tsakanin, ba wanda aka harara.

Abin haushin, da aka fara kaɗa wannan simfoni a Biyana, babban birnin Austriya, a Disambar 1813, mutane tafi suka yi ta yi har aka maimaita wannan kashi na biyun nan take. Ashe ni ne na bi al'adar kakanninsu.

Sai dai, gaskiya ɗaya ce, mutanen nan sun san abin da suke saurara. A layin karɓar riguna gardama ta kaure. Wani dattijo ya ce madugun makaɗan ya yi gaggawa a kashin ƙarshe, matarsa ta ce ai haka Beethoven ya so, tunda ya rubuta ma'aunin saurinsa. Wani ya kawo Karajan, wanda ya jagoranci makaɗan Berlin har 1989, wani ya ce shi dai Furtwängler, wani tsohon madugun, mai jan kiɗa ya sake shi yadda ya ga dama. Rubutu ɗaya, ba a ƙara ba a rage, amma kowane madugu da hannunsa, kuma kunnuwansu na rarrabewa.

Na yi kewar guɗa, wallahi. Makaɗi ya yi abin kirki a ce masa «sai kai!» a lokacin, ba bayan minti arba'in ba. Amma mu ma a faɗa mana: yaushe rabon da mu saurari waƙa daga farko har ƙarshe? Lasifika na ƙara, waya na kuka, masu liƙi sun tare mawaƙi, sannan sanƙira ya katse baiti a tsakiya don kawai Alhaji ya iso, shi ma a makare.