Kanofi mai naɗewa a damina, sai a hankali

Masu tambayata a kan kanofin nan mai naɗewa, mita 3 a 3, da nake kafawa a gaban shago, gaskiya da rani ban ga laifinsa ba. Mutum biyu su ja shi ya buɗe, ba nauyi, inuwarsa ta isa ni da kwastomomi. Agusta ce ta tona masa asiri.

Ruwa ne ya sauko bayan la'asar, ko iskar kirki babu, kawai ya taru a gefe ɗaya na rufin ya yi tumbi, ƙasa kuma ta jiƙe ƙafa ɗaya ta nutse cikin laka, shikenan duk nauyin ya koma can, ina tsaye ina kallo ƙarafunan sama da suka gitta juna suka lanƙwashe, ɗaya ya karye daidai wajen ƙusa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce fa, to ka lissafa ruwan jarka a kan siririn alminiyam. Wallahi raina ya ɓaci. Turakun da suka zo a jakarsa kuwa waya ce kawai, ƙasa na yin laushi suka fito da kansu.

Na kai wa mai walda ya ce injinsa ba ya kama alminiyam. Na koma wajen wanda ya sayar min na ce Alhaji ga abin da ya faru, wai "Malam ai ba a barinsa a cikin ruwa". To me ya hana ka faɗa ranar da kake karɓar kuɗina?

Wani dattijo mai ba da hayar rumfunan biki ne ya miƙe min sauran ƙarfen, ya ce ɗana in hadari ya haɗo ka sauke ƙafa biyu mataki ɗaya, rufin ya karkata ruwa ya dinga zubewa, ka sa katako a ƙarƙashin kowace ƙafa, igiya kuma a ɗaure ta a turken rodi da aka kafa a karkace ko a buhun yashi. In ruwa ya taru a ture shi daga ciki da tafin hannu, ban da sanda mai tsini. Sannan a goge laka kafin a zuge ƙafafun, yashi na shiga suke cijewa, garin ja da ƙarfi ne ake lanƙwasa su. Tun da nake yin haka bai ƙara ba ni matsala ba, har na fara cewa ƙila dai kayan ba shi da laifi sosai.

Amma kuma in na ɗaga kai na ga ƙarfen da na ɗaure da waya sai abin ya dawo min sabo. Mai neman na damina ya ƙara kuɗi ya sa a haɗa masa na bututun ƙarfe. Alhajin ya ce zai samo min canjin wanda ya karye, har yau in na kira sai ya ce kaya na hanya.