Injin zarto na tebur: ƙarfi akwai, amma saitinsa ya ci mini kwana biyu

Wata uku ke nan da na sayi injin zarto na tebur mai faifai inci 10, kuma har yanzu idan na tuna ranar da na haɗa shi sai raina ya ɓaci. Mai shagon ya rantse mini cewa tun daga kamfani aka saita komai, ƙafafu kawai zan ɗaura in jona wuta. Na ɗora lebur a kan teburin, na cusa guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya saboda daɓen shagona ba daidai yake ba, da na ga ruwan ya tsaya a tsakiya sai na ɗauka magana ta ƙare.

Falankin maɗaci na farko da na tura, wanda na sayo a 'yan katako na Na'ibawa a Kano, bai kai rabi ba ƙauri ya tashi, gefensa ya yi baƙi, kafin in ankara faifan ya cafke shi ya wurgo shi baya. Allah ya kiyaye ina tsaye a gefe, sai ya daki ƙofa. Na zare wuta, na shafa wa haƙori ɗaya na faifan alli, na auna tazararsa da kwarmin da ke kan teburin ta gaba, sannan na juya wannan haƙorin baya na sake aunawa. Bambancin ya kusa milimita 2, wato faifan a karkace yake, yana matse katako tsakaninsa da ƙarfen jagora, wanda ake jingina katako a jikinsa a tura.

Gyaran kuwa sai da na kwanta a ƙasa na sassauta notuna huɗu, ɗaya a ɓoye bayan motar injin inda sufana ba ta shiga sai da dabara, ina ɗan bugawa da gudumar roba ina aunawa, da na ɗaure kuma ya sake gocewa. Fiffiken teburin na dama ma ya sunkuya, sai da na yanko gwangwanin madara na saƙala a mahaɗar kafin ya daidaita.

Gaskiya tun daga nan yankansa sumul yake fita, ko katako mai kauri ba ya sa shi nishi, har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai littafin da ya zo da shi bai ambaci wannan awo ko a layi ɗaya ba, kuma da na koma wa mai shagon da falankin da ya ƙone, cewa ya yi wai hannuna ne bai saba ba, ni da na shekara 14 ina kafinta.