Aikin Kofo kan burtali a jahar Maraɗi: shatawa da kyau, tsaro da saura

Mai ƙorafi a kan burtali, manomi ne ko makiyayi, hanyarsa ta bi ta kwamitin kula da filaye da ake kira Kofo. Dokar tsarin karkara ta Nijar ta ranar 2 ga Maris 1993 ce ta kafa shi, ƙasa da shekara biyu bayan rikicin manoma da makiyaya na garin Toda a 1991 wanda ya ci rayuka sama da ɗari. Yau akwai Kofo a matakin ƙauye, da na ƙaramar hukuma a ma'aikatar magajin gari, da na gunduma ƙarƙashin firefe. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara masa ƙarfi: burtali dukiyar ƙasa ce, ba a sayar da shi, ba a nome shi.

Wajen shata hanya, 'yan Kofo sun cancanci yabo. Ba a fara dasa komai sai an yi zama da mai gari, da arɗo, da rugga (jagoran makiyaya), da masu gonakin da ke gefe biyu, an amince da faɗin hanya. Daga nan a taka ta da ƙafa, a ɗauki lambobin GPS, a rubuta takardar yarjejeniya kowa ya sa hannu ko ya dangwala, sannan a kafa turakun siminti. Wannan jerin yana da dalili. Duk inda aka yi gaggawa aka kawo siminti kafin zama, damina ɗaya ta isa a tumɓuke shi cikin dare. Inda aka gyara da kyau kuma, ana dasa aguwa ko dashi tsakanin turaku, don shingen da ya yi saiwa ba ya tashi ya koma wani wuri.

Bayan an watse daga bikin kafa turakun ne aikin ke sanyi. Manomi ba ya cinye burtali rana ɗaya. Kunya biyu bana, kunya biyu baɗi, maƙwabcinsa na ƙetare ya gani shi ma ya matso. Hanyar da aka bari mita 50 sai a wayi gari ta koma ashirin, kuma garken shanu ɗari ba ya matsewa a haka ba tare da ya afka cikin hatsi ba. Ga ɓarna, ga tara, ga sanda. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a zagaya da igiyar awo lokacin shuka, tun hatsi bai fito ba. Amma Kofon ƙauye aikin sa kai ne, na ƙaramar hukuma kuma sau da yawa sai mai ƙara ya zuba man babur kafin a fita. Galibin turakun ma kuɗin ayyukan raya karkara na masu tallafi ne suka kafa su, kuma idan aikin ya ƙare ba kasafai ake ware kuɗin gyara ba.

Sai hakin da ake kira garmani. Ya mamaye burtalai da yawa a kudancin jahar, dabba ba ta damu da shi ba, ga shi yana kashe ciyawar kirki. Hanya tana nan a takarda, amma saniya ba abin da za ta ci a kanta, dole ta leƙa gona. Cire shi yana amfani ne kawai kafin ya zuba iri, a bi da shuka ciyawa.

Ranar sakin gonaki da gwamna ke sanarwa bayan girbi tana rage faɗa, idan labarin ya isa rugage da wuri.

Ga mai buƙatar wannan hidima: fara daga mai gari, don doka ta ce a nemi sulhu gaban sarakuna kafin kotu. Nemi kwafin takardar yarjejeniyar burtalin, ɗauki hoton turakun da shukar da ta ƙetare su, kuma kada ka bar wurin sulhu ba takarda a hannu. Kai ƙara a watan Yuni, kada ka jira Oktoba lokacin da garke ke gangarowa daga Dakoro, a arewacin jahar.