Wasiƙar sojan Bama: hannunka ko hannun wani?

A 1944, sojojin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da yawa, suna kwarin Kaladan a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suna gwabzawa da Japanawa. Mai son aika wa matarsa saƙo hanya biyu gare shi.

Ta farko, ya nemi abokin da ya iya boko, ya faɗa masa, shi ya rubuta. Rubutu zai fito tsaf, adireshi daidai, amma kunya ba za ta bar shi ya ce yana kewarta ba. Sai gaisuwa, sai tambayar yara da amfanin gona.

Ta biyu, wanda ya yi makarantar allo ya rubuta da ajami da hannunsa. Ni wannan na fi so. Ya tsuguna cikin rami, takarda bisa gwiwa, damshin daji ya jiƙa gefenta, layuka sun karkace. Ko da malamin unguwa ne zai karanta mata, tana ganin rubutun ta san mai gidanta na raye ranar da ya riƙe alƙalami. Ta ninke ta, ta sa a ƙasan adaka.

Ko wacce ya bi, sai hafsan soja ya duba wasiƙar kafin ta tafi, kuma ba a yarda ya ambaci inda suke ba.