Shagon kayan suna da ya hana ni haɗa A'isha da Zahra

Salam 'yan uwa, tun da muka yi suna nake ta cewa sai na yi maganar shagon nan na wajen Zoo Road a Kano da suka yi mana kayan rabo, sai yanzu da na yi arba'in na samu kaina. Kayan da na yi oda ba wasu masu yawa ba ne, kofi 50, sitika 200, jakunkuna 'yan ƙanana na saka cincin da dubulan, sai firem ɗaya babba mai sunan jaririya. Amma gaskiya abin da ya sa nake rubutun nan ba kofin ba ne, matar da ke karɓar oda ce.

Ranar da na haihu da daddare babanta ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa, A'isha. To kun san yadda abin yake, ni dai bakina ba zai iya kiran sunan surukata gatsau a tsakar gida ba, dole a nemo na biyu wanda za a riƙa kiranta da shi, kuma ban so a tsaya a Ummi ko Mami ko Walida don a gidansu kaɗai akwai Ummi uku, in aka ƙwala kira duk su waiwayo. Ni tun ina da ciki Zahra nake so, har na ajiye a waya. Sai na tura musu ta WhatsApp a buga A'isha Zahra, tunda ina ɗaki ana ta wankan jego ba halin fita.

Ko minti goma ba a yi ba matar ta kira ni, ta yi min barka sannan ta ce, maijego kin tabbata haka kike so a buga? Na ce eh Anti, akwai matsala ne? Ta ce babu haramci ko kaɗan, kuma in na ce a buga yanzu za a buga, amma Zahra ai laƙabin Nana Faɗima ce, duk wanda ya ji Zahra ko Batula Faɗima zai kawo a ransa, yarinya za ta tashi kullum ana tambayarta ke Faɗima ce ko A'isha. Wallahi sai na yi shiru, don abu ne da na sani tun muna Islamiyya amma son sunan ya rufe min ido.

Daga nan ta shiga jero min, A'isha tana tafiya da Humaira ko Siddiƙa, Humaira wato 'yar ja-ja, Siddiƙa kuma ga ta 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙ. Khadija da Kubra, wato babba. Halima da Sadiya, saboda Halimatu da ta shayar da Annabi (SAW) 'yar ƙabilar Banu Sa'ad ce, shi ya sa ake cewa Halimatus Sa'adiyya. Ta ma tuna min na gargajiya da kakanninmu suke yi, Zainabu Abu, Hauwa Kulu, Faɗima Binta, Maryam Mairo, da na ranaku irin su Lami da Talatu da Jummai da Asabe da yanzu 'yan gayu suke gudu, ni kuwa har ga Allah Jummai tana min daɗi a kunne, kakata ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta kushe sunayen yayi ba. Na tambaye ta Afnan fa, ta ce kalma ce da ta zo a Suratur Rahman, ma'anarta rassan bishiya, irin su Afnan da Iman da Amal da Ilham ba a ɗaure suke da wani suna ba don haka za su iya bin A'isha ko Maryam ko wacce ma aka ga dama, sharaɗin kawai ki san ma'anar, kar ki ɗauko daga intanet don ya yi daɗin faɗa. Sai ta ce in gwada abu biyu, in ƙwala kiran sunan kamar yarinyar tana ƙofar gida ina kiranta ta shigo, sannan in rubuta shi cikakke tare da sunan babanta in gani ko ya yi tsawo. Na kuwa gwada, ƙanwata tana ta min dariya, A'isha Humaira ya zauna daram, ba inda harshe ya sarƙe.

Sai maganar takardu, wadda ni ko a mafarki ban kawo ba. Mu nan galibi yaro sunansa ne, sai na uba, sai na kaka ko na gari, to in kin ƙara na biyu sun zama huɗu, fom kuma gurbi uku gare shi. Ta ce tun yanzu ku zauna da babanta ku yanke wanne zai shiga gurbin tsakiya, Humaira ko sunansa, kuma rubutu ɗaya tak, in Aisha ce Aisha, in Aishatu ce Aishatu, yadda aka sa a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya haka za a sa a NIN haka a makaranta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma ni da idona na ga yadda ɗiyar yayata ta sha zirga-zirgar gyaran suna saboda harafi biyu, don haka wannan shawarar kaɗai ta biya ni kuɗina.

To yanzu inda suka gaza, don ba zan ɓoye ba. Sun ce kaya za su fito ana jibi suna, ba su fito ba sai ana gobe suna bayan isha'i, ƙanwata ta yi zaman awa biyu a shagon, wai wuta ce babu kuma janareto ya ƙi tashi. Haka muka kwana liƙa sitika ni da gwaggona alhali da asuba za a raɗa suna, ga mai aski zai zo, ga 'yan fiɗar rago. Sannan a sitika sun cinye 'yar alamar nan ta A'isha, a kofi da firem kuma tana nan, ga mutanen da suka gama yi min wa'azin rubutu ɗaya, abin ya ɗan sosa min rai gaskiya. Da na yi magana ta ba da haƙuri sosai ta ce yaron da ke kan kwamfuta ne, ta rage min wani abu a cikon kuɗin. Kofunan kam masu kyau ne, an wanke nawa ya fi sau talatin rubutun bai goge ba, jakunkunan ne dai ba su da ƙwari, hannun biyu ya tsinke tun a wajen rabo. Kuɗinsu ma ya ɗan ɗara na masu yi a cikin kasuwa.

In za ku je ku ba da oda tun washegarin haihuwa, kwana bakwai ba komai ba ne, kuma ku ce lallai a turo muku hoton kowane dizain ku duba harafi-harafi kafin a buga, har na sitikar. Firem ɗin yana nan rataye a saman gadonta, Hajiya da ta zo ta daɗe tsaye tana kallonsa, yanzu ita ma Humaira take kiran takwarar tata.